Awa-Biyu Mai Feshin Sauro

Ba sunan da aka raɗa mata ke nan ba, amma har a ofis da shi ake kiranta. A bakin ƙofofin mutane ta samo shi. Duk ɗakin da ta gama fesawa sai ta ja ƙofa ta rufe, ta ɗaga yatsu biyu cikin safar roba, ta ce ta bayan takunkumi, "Awa biyu. Ko kaza kada ta shiga." In ta ga matar gida tana wani murmushi da ba ta yarda da shi ba, sai ta ƙara, "Awa biyu na ce, baiwar Allah. Ba 'bari in zaro ɗankwali in fito' ba." Tun ana kwaikwayonta a bayan ido har aka koma kiranta da shi a gaban ido, ita kuwa ta amsa.

Kafin ta shiga aikin feshi, shara da goge-goge take yi a ƙaramin asibitin unguwarsu. Shekarar da aka zo neman masu feshin maganin sauro, aka ce har da mata ana so, ba wani kishin jama'a ne ya kai ta ba. Bokiti da tsumma ne suka ishe ta. Shekarunta talatin da ɗaya a lokacin, da 'ya'ya uku, da miji tela mai shago a bakin titi.

Kwana bakwai aka yi ana koya musu a jikin wani tsohon bango bayan sito, da ruwa zalla a tanki. Malamin nasu tsohon jami'in lafiya ne mai sanƙo da gajen haƙuri. Shi ya fara gaya mata abin da ba ta taɓa lura da shi ba duk zamanta da sauro: in ya sha jini sai ya yi nauyi, ya nemi bango ya sauka ya huta. To maganin da ya bushe a jikin bangon shi ke kama shi ta ƙafa, yau da gobe, har wata da watanni. "Ba iska kuke fesawa ba," in ji shi, "bango kuke shafawa. Wanda ya zo nan don ya tada hayaƙi ya burge jama'a, ga hanya nan." Ya ɗaura wa kowa tsinke mai tsawon kamu ɗaya a bakin sandar feshi, don kada a matso bango da yawa maganin ya zuba, kada kuma a yi nesa ya bi iska. Daga sama zuwa ƙasa kana ƙirga biyar a zuci, ka gusa taki ɗaya, ka taso daga ƙasa zuwa sama, gefen sabon layi ya hau kan na baya da faɗin yatsu uku. A rana ta huɗu ya tsaya a bayanta, ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙen bangon, sannan ya kira sauran. "Ku zo ku gani. Wannan ta san tsumma, ta san abin da ake nufi da kada a bar gurbi." Shi ne yabo na farko da aka taɓa yi mata a wurin aiki, kuma ta daɗe tana jin daɗinsa.

Aikin ba na ragwaye ba ne. Riga haɗe da wando har wuyan hannu, takalmin roba, safar roba, hular kwano, takunkumi, gilashin kare fuska, ga tanki cike a kafaɗa, ga rana. Zufa na gangarowa cikin takalmi har ka ji tana ƙara in ka taka. Ba a ci, ba a sha, ba a sosa ido sai an cire safa an wanke hannu da sabulu. Ranar farko da ta wuce ta ƙofar shagon mijinta a cikin kayan, ya ajiye almakashi ya ce wa mai jiran ɗinki, "Ka ga waccan 'yar sama-jannatin ta uku? Matata ce. In ta sauko duniya ita za ta yi mana girki." Amma da ya ga yadda maɗaurin tanki ya ci mata kafaɗa, shi ya zauna ya ɗinka mata ɗan matashi da soso da ragowar yadi. Kayan aiki kuwa ba ta taɓa shigo da su gida ba. A sito ake cirewa, a sito ake wankewa, a can take wanka kafin ta taɓa 'ya'yanta.

Tanki bai kai mutane nauyi ba. Kafin a fesa ɗaki dole a fitar da abinci da ruwan sha da kwanuka da shimfiɗa da tufafi, abin da ba ya ɗaukuwa a ja shi tsakiya a rufe da leda. Ta gane da wuri cewa yawancin masu cewa ba sa so, ba maganin suke tsoro ba, tonon asiri suke gudu: katifar da ta yage, buhun hatsin da ya kusa ƙarewa, akwatin da ba komai a ciki, duk a baje a tsakar gida maƙwabta na leƙe. Sai ta koyi kawar da kai. Takan kama kaya ta taya fitarwa tana hira a kan wani abu daban, ta yi saurin shimfiɗa leda a kai kafin idanu su gama yawo. Ta kuma koyi durƙusawa ta leƙa ƙarƙashin gado, don da wuya ka sami gidan da tsohuwa ba ta ɓoye wata 'yar tukunya ba. In awa biyu ta cika, a buɗe tagogi, a share matattun ƙwari a zuba a masai ko a binne, kada kaji su tsince. Bango kuma a bar shi yadda yake, ba wanki, ba fenti, har wata shida. Akwai maigidan da ya shafe falonsa da sabon fenti kwana biyar bayan ta fesa, wai zai yi baƙi. Da ta dawo ta gani, ta ce masa, "Ranka ya daɗe, ka gyara wa sauro masauki." Ya kai ƙararta ofis. Aka ce ta ba shi haƙuri, ta bayar, amma ba ta ce ta janye ba.

Shekara huɗu tana fesawa aka ba ta shugabancin mutum biyar. Lambar ƙungiyarta ake rubutawa da alli a ƙofar duk gidan da suka gama. Ita ta san abin da aikin ke yi, don ita ta goge bencin asibiti a daminonin baya. Ta san lokacin da iyaye mata ke zaune har ƙasa da yara a cinya, jikinsu kamar wuta, ta kuma ga lokacin da bencin ya koma da sauran wuri. Sai dai ba wanda ke zuwa ya gode maka a kan zazzaɓin da bai kama ɗansa ba. Ta saba da hakan, ba ta ma jira.

A shekararta ta goma sha ɗaya ne mahaifiyarta, Inna, ta aika a kira ta.

Su shida Inna ta haifa, biyu ne suka rage a kusa da ita: ita babbar, da Auta. Auta a lokacin ya haura talatin, da mata da 'ya'ya uku. Ba sana'ar da bai taɓa ba, ba kuma wadda ya yi wata shida a cikinta. Amma mutum ne mai shiga rai. In ya shigo gida da dariyarsa, har mai fushi da shi sai ya manta dalilin fushin.

"An ce za a ɗauki sababbi a wurinku," in ji Inna.

"Za a ɗauka, Inna. Amma aikin mai haƙuri yake so."

"Shi kuma ba shi da shi, ko? Faɗi mana."

"Ni ban ce ba."

"Kin ce da ido. Kina ba 'ya'yan wasu abin yi, naki yana zaune a bakin titi yana kallon motoci. Ke ce babba. In ba ki rufa masa asiri ba, wa zai rufa?"

Ta kai sunansa. Ya yi horon kwana bakwai ya ci, don kai ba shi ne matsalarsa ba. Aka sa shi a ƙungiyarta.

Mutane suka so shi nan da nan. Gidan da ita za ta yi rabin awa tana lallashi, shi da barkwanci biyu an fara fitar da kaya. Ga shi da sauri, saurin da ya sa ta riƙa bin bayansa tana duba bango, ta ga gurbi a bayan ƙofa, gurbi a saman taga. Takunkuminsa kullum a haɓa, wai ba ya jin daɗin hira ta bayan ƙyalle. In ta yi magana sai ya ƙame ya sara mata kamar soja. "An gama, Yaya Oga." Sauran su kwashe da dariya, ita ma wani lokaci ta kasa riƙewa.

Wata ranar Talata da tsakar rana ta zagaya bayan wani gida nemansa, ta same shi a tsugune. Ya kwance bakin sanda yana tsiyaya magani cikin kwalbar lemo, maigidan na tsaye a kansa yana waige-waige. Da maigidan ya gan ta sai ya tuna yana da uzuri a ciki.

"Me kake yi?"

"Yaya, kuɗin cizo ne suka addabe shi. Ɗan kaɗan ne fa, ragowa ce."

"Ragowa sito take komawa, ka sani. Ka ga irin kwalbar da ka zuba? Wadda yaro ke gani ya miƙa hannu."

"Na gaya masa ya ajiye a sama."

"Kai za ka tare a gidan kana gadinta?"

Ta karɓi kwalbar ta mayar da maganin cikin tanki, kwalbar kuma ta jefa ta a ledar sharar aiki. Doka ta ce a ranar za ta sanar da ofis, ta kuma san abin da zai biyo baya. Auta ya durƙusa, ya rantse ya sake rantsewa, ya ambaci 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci hawan jinin Inna. Da yamma ta tsaya a gaban teburin oga da rahoton ranar. Oga ya ce, "Lafiya dai yau?" Ta ce, "Lafiya lau, yallaɓai."

Daga ranar ta sa wa Auta ido. Amma mutum biyar ne a layi uku, ita kuwa ɗaya ce.

Bayan mako uku, suna sito da la'asar suna ɗauraye tankuna. Duro bakwai ne a jere, ana bi ɗaya bayan ɗaya, ruwan ɗaurayar ba a zubarwa, da shi ake haɗa maganin gobe. Tana tsaye tana lura da wanda zai tsallake duro, sai ga wata tsohuwar abokiyar aikinta daga asibiti a guje, mayafi a hannu. An kawo yarinya 'yar shekara shida, 'yar wani mai walda, tana amai, yawu na dalala, jiki na karkarwa. Ƙwarƙwata ta kwaso a makaranta. Uwar ta yi sabulu ta yi mataji abin ya ƙi, sai ta tuna da kwalbar da wani daga cikin masu feshi ya ba ta, wanda ya ce mata ba ƙwaron da ke tsallake wannan magani. Tun da hantsi ta shafe kan yarinyar da shi, ta ɗaure da ɗankwali don ya kama.

"Wanne daga cikinsu?" in ji Awa-Biyu.

"Ta ce mai fara'ar nan."

Auta yana duro na uku. Ta ga hannunsa ya tsaya a kan murfin tanki.

Ta shiga wurin mai kula da sito ta karɓi fankon ƙunshin magani mai rubutu a jiki, ta ƙulle a leda, ta cire kayan aiki ta wanke hannu, ta tare babur. An riga an wuce da yarinyar babban asibiti. A can ta kutsa har ta sami likitan ta miƙa masa. Ya karanta ya ce, "Yauwa. Wannan muke ta tambaya ba wanda ya sani," ya juya yana ƙwala wa nas kira.

Ta leƙa ta ƙofa. An aske kan yarinyar tas, an wanke ta, ga roba a hanci, ga ƙarin ruwa a hannu, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar. A baranda uwar na zaune a ƙasa, mijin na tsaye a kanta da baƙaƙen hannuwansa na walda, yana faɗa ƙasa-ƙasa: in yarinyar nan ta mutu kada ta sake ta taka masa gida. Matar ta ɗago, ta gane Awa-Biyu.

"Ku ne," ta ce. "Ke ce kika tsaya a ƙofata kina ɗaga mini yatsu. Kin hana ni shiga ɗakina, naku kuma ya zagayo ya ba ni wannan a hannu. Me ya sa ba ku ce mini guba ce ba?"

Ai ta faɗa musu guba ce, a ranar feshin ta faɗa, kamar yadda take faɗa a kowane gida. Amma ta dubi fuskar matar, sai ta juya ta bar wurin.

Kwana tara yarinyar ta yi a gadon asibiti, ta rayu.

A rana ta uku ne oga ya kira Awa-Biyu ofis ya rufe ƙofa. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya son hayaniya, ba ya kuma son takardar da za ta haura sama da sa hannunsa a ƙasa.

"Zauna. Na san lambarki ce a ƙofar gidan. Amma kwalba ba ta da lamba. Magunguna cike suke a kasuwa, wa ya san inda ta samo? Matar nan a ruɗe take, yau ta ce wannan gobe ta ce wancan. Mu rubuta cewa ba daga wurinmu ya fito ba, shi ke nan. Ba don ni ba, don aikin. In maganar nan ta fita, baɗi ba ƙofar da za a buɗe mana."

Ta san akwai gaskiya a ƙarshen maganarsa, shi ne ma abin da ya fi ƙona mata rai. Sai dai ta tuna matar a baranda da mijin a kanta. In aka rubuta kasuwa, bayan ganganci an ƙara mata ƙarya, aurenta kuwa ya ƙare.

"Yallaɓai, daga tankinmu ya fito. Ƙanena ne ya ba ta."

Oga ya ajiye biro.

"Kuma ba shi ne na farko ba. Mako uku da suka wuce na kama shi da wata kwalbar, ban kawo maka ba."

"Wa ya tambaye ki wannan?"

"Ba kowa."

"To me ya kai ki faɗa?"

"Akwai wasu kwalaben a gidajen mutane, yallaɓai. Ban san ko nawa ba ne. Sai an bi an karɓo."

Kwana biyu aka yi ana bi gida-gida da lasifika. Kwalba goma sha huɗu aka karɓo. Ɗaya a kan firji take, ɗaya cikin buhun hatsi, ɗaya a taga kusa da gadon jariri. Wannan ne kaɗai abin da take tunawa ta ji sanyi in abin ya dawo mata.

Aka kori Auta. Ita aka sauke ta daga shugabanci, aka kuma karɓe tanki. Oga ya ce albarkacin daɗewarta ne ba a sallame ta ba, da ma ana neman mai wankin kayan aiki a bayan sito. Shi kuwa a ƙarshen shekara aka yaba masa kan yadda ya gano matsala ya ɗauki mataki cikin gaggawa, aka ɗaga shi zuwa babban ofis.

A ƙarshen makon da aka kori Auta ta je gaida Inna kamar kullum, da 'yar ledar cefane. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, ba ta amsa sallama ba sai a ta uku.

"'Ya na haifa ko alƙali?"

"Inna, yarinya ta kusa mutuwa."

"Ta mutu?"

"Allah ya kiyaye."

"To. Ita ta tashi, naki ya kwanta. An ce ogan naku da bakinsa ya ce a rufe maganar, ke kika ƙi. Bare ya so ya rufa masa asiri, wadda suka fito ciki ɗaya ta yaye. Da na san haka ne da na bar shi a bakin titin."

"Da an bar shi a can, Inna, da ya fi mana duka."

Ba ta so ta faɗa ba, zancen ne ya kuɓuce mata. Inna ta tura ledar da ƙafa. "Ɗauki abinki. Ba na jin yunwa."

A gida mijinta ya saurare ta har ƙarshe, ƙafarsa a kan keken ɗinki ba ta motsi. Ya ce, "Kin yi daidai." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai daidai ɗin nan ya makara da mako uku." Ta so ta yi fushi da shi, ta rasa ta inda za ta fara. Ya tashi ya ɗebo mata ruwa.

Abin da oga ya faɗa ya tabbata. Da damina ta gabato aka fita feshi, unguwar mai walda da biyu na kusa da ita suka rufe ƙofa. Labari ya riga ya yi ƙiba a hanya: yarinya ɗaya ta zama uku, ƙwarƙwata ta ɓace daga zancen, aka ce bango kawai suka taɓa. Masu feshi suka riƙa dawowa sito da tankuna cike. Ita tana baya a bakin ramin wanki, wanda aka cika da tsakuwa da gawayi don kada ruwan ya gangara rijiyar kowa, da doguwar safa har gwiwar hannu, tana cuɗa riguna arba'in a rana. A wannan daminar abokiyarta ta asibiti ta daina zuwa hira. Da suka haɗu a hanya ta ce benci ya cika har baranda, kuma an rasa yara. Ta fara kiran sunan layin da aka rasa su, Awa-Biyu ta ce mata sai anjima, ta bar tukunya a wuta. Ba tukunyar da ta bari. Ta yi ta tafiya har ta wuce gida ba ta sani ba.

Auta bai daɗe a zaune ba. Ya samo famfon feshi na gona, ya sa aka rubuta masa allo, ya zama mai feshin gidaje na kansa. Abin da yake zubawa a ciki shi kaɗai ya sani, maganin gona ne da wasu 'yan kwalabe da yake haɗawa a bokiti yana juyawa da sanda. Warinsa na kaiwa gida na uku, kyankyasai na zubowa tun yana tsaye, mutane su ce, yauwa, wannan shi ne magani, ba na masu hular kwano ba da ko hawaye ba ya sawa. Ba ya sa a fitar da kaya. In an tambaye shi yaushe za a shiga sai ya ce, "Minti goma ya isa. Ni ba irin Yaya ba ne." A yi dariya. Bayan mako biyu sauro ya dawo, a sake kiransa. Waɗanda suka rufe wa ƙungiyarta ƙofa su ne suka fi aika masa. An manta shi ne mai kwalba, ko kuwa an tuna an yafe, tunda da fara'a ya bayar. Ita ce ba a manta ba: shugabar waɗanda suka kusa kashe yarinya. A shekara ta biyu ya sayi babur.

Ta je ta faɗa wa sabon oga. Ya ce wannan ba huruminsu ba ne, akwai wani ofishin. Ta je wani ofishin, aka ce ta rubuto. Ta rubuto.

Takan hangi 'yar mai walda da safe a hanyar makaranta, gashi ya fito, tana tsalle-tsalle da jaka a baya. Uwar tana nan a gidan mijinta. In suka haɗu a kasuwa, matar takan tsallaka wancan gefen ta kama taya abin da ba za ta saya ba.

Shekara takwas ta yi a bakin rami. Duk shekara in an kawo sababbi, malaminsu na yanzu, wani matashi mai kwamfuta, yakan nuna musu hotuna a allo. In an fito jikin bango abin ya cakuɗe, sai ya aika a kira masa Mama mai wanki. Ta cire doguwar safa, ta saɓa tankin ruwa, ta ja layi uku a bango, ba gurbi ba zuba. Su tafa mata. Ya ce, "Mun gode, Mama." Ta koma wurin rigunanta.

Ba ta daina zuwa wurin Inna ba, ko da gaisuwar ba ta wuce kalma uku. Wata rana tun daga ƙofar gida warin ya doke ta. Ta sami Inna a cikin ɗaki a kan gado, taga a rufe, bango na naso, ruwan sha a buɗe, kwanon abinci a kan kujera. Tsohuwar ta dafe kai tana tari.

"Auta ne ya yi mini," in ji Inna, da alfahari duk da tarin. "Da kansa ya zo."

Ba ta tsaya gardama ba. Ta sunkuci tsohuwar, wadda ta koma ba nauyi, ta fito da ita inuwa. Ta wanke mata fuska da hannuwa, ta canza mata kaya. Ta rufe hancinta da mayafi ta koma ta buɗe tagar, ta zubar da ruwan da abincin a masai, ta wanke kwanuka sau biyu da sabulu. Inna na kallonta daga tabarma.

"Har abincin? Da ma duk abin da ya taɓa ƙazanta ne a wurinki."

"Sha ruwan nan, Inna. Daga maƙwabta na karɓo."

Ta sha. Ta miƙo kofin ba ta dube ta ba.

Inna ta ƙara shekara ɗaya da wani abu, tsufa ne ya ɗauke ta. A watannin ƙarshe Awa-Biyu ce ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta abinci da cokali. Duk ƙarar babur a waje sai tsohuwar ta ɗaga kai ta ce, "Auta ne?" Wani lokaci shi ne. Ya shigo da dariyarsa, ya zauna minti biyar, fuskar Inna ta washe, ya tafi. Da ita kuwa har ƙarshe ba a sake tada maganar ba, ba a kuma ce an yafe ba.

Bara aka ce shekarunta sun wuce na aikin. An yi ɗan taro a bakin sito, aka ɗauki hoto, aka miƙa mata takardar yabo mai zanen ruwan zinariya a gefe. Da ta isa gida mijinta ya sa tabarau ya karanta a bayyane: an gode mata bisa hidimar shekara goma sha tara a matsayin mai wanki. Ya sake karantawa a zuci. Ya ce ko a mayar musu su gyara. Ta ce wa zai gyara, waɗanda suka san ta da tanki duk sun tafi. Ya ce to ko ya kai a sa mata a gilashi. Ta karɓe takardar, ta naɗe gida biyu ta tura cikin akwati, ta ce masa ya janye ƙafa ta wuce, an kawo ruwan famfo kuma ba ya daɗewa.